Dan Allah a ba ni shawara: CIPM zan fara ko kwas ɗin dokar ƙwadago?

'Yar Tudun Wada:

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni shiga harkar HR, wato kula da ma'aikata. Ina aiki ne a wani kamfanin ruwan leda da na gora can wajen Kudenda a Kaduna, mun kai mu sittin in aka haɗa da direbobi da masu lodi. Ni HND nayi a Kadpoly ɓangaren kasuwanci, aka ɗauke ni admin, to da mai riƙe da ma'aikata ya tafi sai oga yace in riƙe kafin a samo wani, har yau kuma ba a samo ba. Yanzu ɗaukan ma'aikata ni, lissafin albashi ni, hutu ni, takardar tuhuma ni, har sasanta 'yan shif ɗin dare da na rana in sun samu saɓani.

Abin da ya tayar min da hankali shi ne satin nan oga yace in rubuta wa mai kula da sito takardar sallama, bawan Allah shekararsa shida a kamfanin, wai kawai in rubuta kamfani baya buƙatar aikinsa a biya shi albashin watan nan shikenan. Zuciyata bata kwanta ba wlh amma ban san da wace hujja zan tunkari oga ba. Ga kuma kusan rabin ma'aikatan babu mai takardar ɗaukar aiki, wai 'yan kashuwal ne, alhali wasu sun fi ni daɗewa a wajen.

Na ɗan tara kuɗi ina so in ƙaro ilimi tsakani da Allah. Me zan fara? Jarabawar CIPM, wato cibiyar ƙwararrun masu kula da ma'aikata, ko PGD, wato difloma ta bayan digiri, a ABU ko KASU, ko irin seminar nan ta kwana biyu uku a Abuja da ake tallatawa a WhatsApp? Wanne ne zai koya min dokar aiki yadda zan tsaya gaban oga in yi magana da hujja?

Dattijon Kakuri:

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya miki albarka da kika tsaya tambaya kafin ki sa hannu. Ni a ofishin fasonel na masaƙa nayi aiki har na yi ritaya, zamanin da in aka busa jiniyar tashi titin Kakuri ke cika da kekuna har babu wajen ratsawa.

Kafin ki kai ko kwabo makaranta, nemo Dokar Ƙwadago wato Labour Act, ki je shagon kwamfuta a buga miki ita a takarda, ki zauna da biro ki karanta. Abubuwan nan biyu da suka dame ki duk suna ciki ɓaro-ɓaro. Sashe na 7 yace duk wanda ka ɗauka aiki dole ka ba shi sharuɗɗan aikin a rubuce kafin wata uku su cika, sunan aikin, albashi, lokutan aiki, hutu, da notis. Sashe na 11 kuma shi ya tsara notis: kwana ɗaya in bai wuce wata uku ba, mako ɗaya in ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata guda cur in ya kai shekara biyar. To kinga mai sitonku da ke da shekara shida, ko ba komai yana da notis ɗin wata ɗaya a rubuce ko kuɗin wata a madadinsa, ban da albashin da ya riga ya yi wa aiki, ban da kuɗin hutunsa in akwai wanda bai tafi ba. In kuma takardar ɗaukarsa ta ba shi abin da ya fi haka to ita za a bi.

Shi aikin nan tun ran gini tun ran zane ne, ranar ɗauka ake gyara ranar rabuwa. Mu mutanen Kakuri mun ga abin da rashin tanadin haƙƙin ma'aikaci ke yi. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 an rufe ta a 2002, ma'aikata suka shafe shekaru suna bin giratuti, da yawa sun rasu ba su ga kuɗinsu ba, zawarawansu ne suka ci gaba da zarya. Duk lokacin da kika ɗauki fayil ɗin mutum ki tuna akwai gida guda a bayansa.

Maganar karatu, ki yi CIPM ɗin, ita ce cibiyar da doka ta ɗora wa wannan sana'a, an kafa ta a 1968 ta samu dokarta a 1992. Sannan akwai MINILS a Ilorin, cibiyar nazarin ƙwadago ta gwamnatin tarayya, suna gajerun kwasa-kwasai kan hulɗar ma'aikata da masu kamfani. Kwamared Issa Aremu da ya daɗe yana babban sakataren ƙungiyar ma'aikatan masaƙa mai hedikwata a nan Kaduna, shi aka naɗa shugabanta a 2021. Kuma kar ki ɗauki 'yan yuniyon abokan gaba, ni rabin abin da na sani a teburin ciniki da su na koya.

Barista Barnawa:

Baba Allah ya ƙara girma, duk abin da kuka faɗa haka yake, sai dai in ɗan ɗora. Ƙanwata, Labour Act tsohuwar doka ce tun farkon shekarun 1970, in kika tsaya a ita kaɗai zaki ɗauka da zarar an biya notis an gama. A da haka ne, mai kamfani na iya sallama da dalili ko ba dalili. Amma gyaran tsarin mulki na uku na 2010 ya shigo da sashe na 254C, ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa wato NICN hurumin duk shari'ar da ta shafi aiki, har da ikon duba zaluncin da ake yi a hulɗar aiki da kuma amfani da ƙa'idojin ƙungiyar ƙwadago ta duniya wato ILO. A shari'ar Aloysius da Diamond Bank a 2015 kotun ta ce sallamar ma'aikaci ba tare da dalilin da ya shafi aikinsa ko halinsa ba ta saɓa wa ƙa'idar duniya, ta jingina da yarjejeniyar ILO mai lamba 158. Lauyoyi na nan suna ta muhawara a kai har Kotun Ɗaukaka Ƙara, amma ke da kike HR bai kamata ki jefa kamfaninku cikin wannan cacar ba, jimlar nan ta kamfani baya buƙatar aikinka ita ce ke kai mutane kotu yanzu.

Don haka tambayar farko da zaki yi wa oga: menene ainihin dalilin? In kaya ne suka ɓace a sito to hanya a fili take, a ba shi takardar tuhuma a faɗi laifin da ranar da ya faru, a ba shi lokaci ya amsa a rubuce, a zaunar da ɗan kwamiti wanda mai zargin baya ciki, a saurare shi, a rubuta abin da aka tattauna kowa ya sa hannu, sannan a yanke hukunci. In kuwa ciniki ne ya ja baya ana son rage ma'aikata to sashe na 20 ne, a sanar da ƙungiya ko wakilan ma'aikata, a bi ƙa'idar wanda ya zo ƙarshe shi ke fara tafiya tare da duba ƙwazo da cancanta, a tattauna kuɗin sallama. In kuma babu ko ɗaya, haushinsa kawai ake ji, to nan ne aikinki yake, ki faɗa wa oga gaskiya.

Ki kuma lura da sashe na 91, dokar leburori da masu aikin akawu take nufi da ma'aikaci, ta cire manajoji da ƙwararru, su kwantiraginsu da littafin ƙa'idojin kamfani da hukuncin kotu ne ke riƙe da su. Shi yasa nake cewa makarantar da ta fi kowace arha ita ce shafin intanet na NICN, suna sa hukunce-hukuncensu kyauta, ki riƙa karanta ɗaya duk mako. Kuma kotun na da reshe a nan Kaduna, zaman a buɗe yake, ki nemi izini wata safiya ki je ki zauna a baya ki ji irin tambayoyin da ake yi wa jami'in HR in ya shiga akwatin shaida, ina takardar tuhuma, ina amsarsa, wa ya sa hannu, yaushe ya karɓa. Daga ranar zaki canza yadda kike ajiye fayil.

Hajiyar Malali:

Ni dai ƙanwata CIPM zan ce ki fara, PGD ya jira. Nayi ta ina aiki ina goyo, ba sauƙi amma ana iyawa, mai HND ko digiri ana yafe masa matakan farko, akwai darasin dokar ƙwadago a ciki, kuma yanzu yawancin wuraren da ke neman HR suna tambayarta. Abin da ma ya fi satifiket ɗin amfani a wajena shi ne mutanen da zaki sani a reshen jiha, in abu ya ɗaure miki kai kina da wanda zaki kira. Seminar WhatsApp kuwa ki bincika wa ya shirya, wa zai koyar, wasu kuɗin otal da jaka kawai zaki biya ki dawo da hoto.

Amma akwai ɓangaren da ba a taɓo ba kuma shi ke kama kamfanoni irin naku, kuɗaɗen da doka ta wajabta. Fansho a dokar 2014 kamfani 10% ma'aikaci 8%, a tura cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi, in an yi jinkiri akwai tarar da bata gaza 2% ba duk wata, ga inshorar rai ta ma'aikata da bata gaza ninki uku na albashin shekara ba. NSITF, asusun biyan diyyar rauni a wajen aiki, 1% na jimillar albashi ƙarƙashin dokar diyya ta 2010, ku da kuke da injina da direbobi a kan titi kullum wannan ba abin wasa bane, ranar da inji ya cire wa yaro yatsa zaki gane. Mafi ƙarancin albashi ya koma N70,000 tun Yulin 2024 kuma ya hau kan duk mai ma'aikata 25 zuwa sama, N72,000 ɗin da kike ji na gwamnatin Kaduna ne ga ma'aikatanta. Haka hutun haihuwa, kar ki rikita wata shidan da jiha ke ba nata ma'aikatan da na kamfani, Labour Act mako shida kafin haihuwa shida bayanta ta ce, da aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata shida tana aiki.

Sai ITF, asusun horar da ma'aikata na gwamnatin tarayya, nan ne ma kuɗin karatunki zai iya fitowa. Kamfani na biyan 1% na albashin shekara, kuma in ya horar da ma'aikatansa ta hanyar da suka amince yana iya neman a dawo masa da har rabin abin da ya biya. Ki je ofishinsu ki tambayi ƙa'idar kafin ki yi rajistar kowane kwas. Kuma in zaki shiga wajen oga kar ki fara da doka ta ce doka ta ce, ki shiga da lissafi a takarda, ga abin da sallamar za ta ci in an bi hanya, ga abin da lauya da zaryar kotu za su ci in ba a bi ba. 'Yan kasuwa lamba suke ji.

Ɗan Rigasa:

Duk shawarwarin nan masu kyau ne amma mu faɗi gaskiya, wani ogan ko kundin tsarin mulki ka kai masa cewa zai yi kamfaninsa ne, kuma ita ma 'yar uwar tamu ma'aikaciya ce ana iya sallamarta gobe. Anti ki ba da shawararki a rubuce, ko imel ko ɗan memo cikin ladabi, ki ajiye kwafi, saboda ranar da abu ya ɓaci sunan wanda ya sa hannu ake nema. In ya nace to shi ya sa hannu a takardar da kansa.

'Yar Tudun Wada:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, Barista da Hajiya da Malam na Rigasa Allah ya saka da alheri. Na buga dokar yau, zan kuma nemi fom ɗin CIPM. Na tambayi oga dalili, ashe katan-katan na robar gora ne lissafinsu bai cika ba, ya yarda a fara ba shi takardar tuhuma. Saura 'yan kashuwal ɗin, ya ce a ba su takardar ɗaukar aiki amma a sa kwanan watan yau kamar yanzu suka fara. Barista ya kake gani?

Barista Barnawa:

A'a ƙanwata, kar ki yarda da wannan, share musu shekarunsu ne, kuma da shekarun ake lissafin notis da hutu da duk wani haƙƙin sallama. Banda haka ma baya ɓoyuwa, alat ɗin banki da rajistar sa hannun safe da katin shaidar aiki duk za su nuna tun yaushe mutum yake wajen, kotu kuma abin da ya faru a zahiri take dubawa ko me aka kira shi a takarda. Takardar ta ɗauki kwanan watan da aka rubuta ta, amma a cikinta a faɗi ainihin ranar da kowa ya fara aiki. Wanda ba a da tabbacin ranarsa a zauna da shi a duba tsofaffin takardun albashi a amince da wata da shekara, ya sa hannu a kwafi biyu, ɗaya nasa ɗaya na fayil. Sannan ki shirya wa oga lissafin fanshon baya da ba a tura ba, don da zarar sun buɗe asusu a PFA, wato kamfanin da ke kula da fansho, tambayar da za ta biyo baya kenan.