Wagner ne gwanin gwanaye, ko Lloyd aka hana fili?

Malamin Tarihi: Ni dai na tsaya a kan maganata. A besbal na Amurka, wasan da ake buga ƙwallo da sanda a ruga a zagaye zango-zango, cikin masu tsaron gurbin da ke tsakanin zango na biyu da na uku, ba a taɓa yin kamar Honus Wagner ba. Yana ɗan shekara 12 ya shiga ramin haƙar kwal a Pennsylvania. Ya fara babbar gasa a Louisville a 1897, daga 1900 zuwa 1917 kuma yana Pittsburgh Pirates. Sau 8 yana zama zakaran bugu a National League, ɗaya daga manyan gasannin besbal na Amurka.

Auta: Allah gafarta Malam, da su wa ya kara? A lokacin an rufe wa baƙar fata ƙofa, ba a buɗe ba sai 1947 da Jackie Robinson ya shigo. Ga John Henry Lloyd, gurbi ɗaya suke tsaro, har ana ce masa "Wagner na baƙar fata". Wannan laƙabin ma ciwo yake min. Mutum da bajintarsa, sai an jingina shi da wani.

Mai Shago: Ai ba Wagner ne ya kafa wariyar ba, ƙanena. Ka dubi mutumin: gwame, da tafka-tafkan hannuwa, safar hannunsa 'yar mitsitsiya. In ya kwashi ƙwallo har da ƙasa da tsakuwa yake wurgawa zango na ɗaya. A gasar ƙarshe ta 1909 ya doke ƙungiyar Detroit ta su gwanin bugu Ty Cobb, ya saci zango sau 6, wato ya ruga zango na gaba ba tare da jiran a buga ƙwallo ba.

Auta: Yaya, Lloyd ma haka yake kwasa, shi ya sa mutanen Kuba suka raɗa masa Cuchara, wato cokali. Kuma a 1910 Detroit ɗin nan ta je Havana ta Kuba, Lloyd ya fi Cobb bugu.

Malamin Tarihi: Wasannin sada zumunta 'yan ƙalilan ba sa auna shekara 21 na aiki, ɗana. Da aka fara zaɓen masu shiga zauren karrama gwanaye a 1936, Wagner na cikin biyar na farko, ƙuri'a 215, daidai da shahararren ɗan wasa Babe Ruth.

Auta: Wa ya jefa ƙuri'un, Malam? Lloyd bai shiga zauren ba sai 1977, bayan ya daɗe a kabari.

Malamin Tarihi: Wannan zalunci ne, ban musa ba. Amma bugun Wagner sama da 3,400 a rubuce suke.

Auta: Na Lloyd kuwa da yawa babu wanda ya ɗauki alƙalami ya rubuta.