Farashin zuma da abin da ake rubutawa a jikin kwalba: yaya kuke yi?

Sabon Mai Amya

Assalamu alaikum iyayena da yayyena a wannan sana'a. Shekarata ta uku ke nan da fara kiwon zuma, amya tara gare ni. Shekara biyun farko abin da na ɗiba bai wuce na gida da na kyauta ba, sai bana Allah ya sa na cika bokiti uku. Yanzu abu biyu ne suka tsaya mini a rai. Na farko farashi. Duk wanda na gaya wa kuɗin kwalba sai ya ce ai ga wata can rabin haka, ni kuma na san harbin da na sha kafin ta zo hannuna. Na biyu, wani mai kanti ya yarda zai ajiye mini, amma ya ce ba zai karɓi kwalba tsirara ba, sai da sitika. Ban san me ya wajaba in rubuta ba, ban kuma san me zai jawo mini matsala ba. Don Allah wanda ya bi ta wannan hanyar ya ba mu labarin yadda ta kaya da shi.

Baba Mai Hayaƙi

Wa'alaikumus salam ɗana, Allah ya sa albarka. Kafin ka yanka farashi, nemi sikeli mai kyau. Ni na yi shekaru ina sayarwa da kwalba, a raina rabin lita rabin kilo ne. Sai in leƙa kanti in ga kuɗin zuma mai giram 500, in dawo in sa wa kwalbata ta rabin lita kuɗi ɗaya da ita. Ashe zuma ta fi ruwa nauyi sosai: lita ɗaya tana kai kilo 1.4. Wato kwalbata giram 700 ce, kowace kwalba ina ba da giram 200 ba tare da an biya ni ba. Ranar da na ɗora ta a sikeli na daɗe a zaune ina lissafin shekarun baya.

Bayan sikeli sai littafi. Rubuta duk abin da ka kashe: kuɗin amya ka raba shi bisa shekarun da za ta yi maka aiki, rigar kariya, abin hayaƙi, kwalabe, murafu, sitika, kuɗin mota zuwa wurin amyoyin da dawowa, sukarin da ka ba ƙudan lokacin da fure ya yanke. Ka sa ladan aikinka kamar yadda za ka biya wani in shi ya yi maka. Wannan ne mutanenmu suke mantawa, sai su ga kuɗi a hannu su ɗauka riba ce, alhali guminsu ne suka sayar a banza. Kuma kada ka raba kuɗin da aka kashe a kan zumar shekara mai kyau kaɗai. Akwai shekarar da ƙuda za su tashi su bar maka amya fayau, akwai wadda ruwan sama zai ɓata fure. Ni da shekara uku nake lissafi, mai kyau da maras kyau a haɗe, abin da ya fito shi ne kuɗin da kilo ɗaya ya tsaya mini. Ƙasa da shi ba na sauka, ko wa ya taya.

Farashina kala uku ne. Wanda ya zo hannuna ya sayi kwalba shi ne mafi tsada, mai kanti na rage masa don ya ci tasa ribar, mai ɗaukar jarka shi ne mafi sauƙi. Ƙananan kwalabe sun fi kawo kuɗi a kan kowane kilo, sai dai sun fi cin aiki.

Hajiya Mai Saƙa

Baba ya gama magana kan lissafi. Ni abin da ya ƙona ni daskarewa ne. Na kai wa wata mai shago kwalba ashirin, bayan wata biyu da sanyi ya shigo ta kira ni rai a ɓace, wai masu saye sun ce sukari na zuba, ga shi nan ya kwanta a ƙasan kwalba. Ta dawo mini da goma sha huɗu. Na yi kuka a ranar, don ni na san ko ƙwayar sukari ba ta shiga ba.

Daga baya na fahimci abin. Zuma sukari iri biyu ne suka fi yawa a cikinta, gulukos da furuktos. Gulukos ɗin ne yake fita ya zama tsaki-tsaki, kuma zumar furen da ya fi gulukos ta fi saurin daskarewa. Sanyi matsakaici, wajen digiri 14 a ma'aunin Salsiyos, shi ya fi hanzarta abin. Tun daga nan na ƙara layi ɗaya a sitikata: zuma ta gaskiya tana iya daskarewa, a tsoma kwalbar cikin ruwa mai ɗumi ta narke. Wannan layin ya rage mini rigima fiye da duk bakin da nake yi. Ɗana, ka sa shi tun a bugun farko.

Sai dai ruwan ɗumi na ce, wanda hannu zai iya zama a ciki, kada ya wuce digiri 40. Kwalaben nan goma sha huɗu na ɗora biyu a wuta don gaggawa, suka yi duhu, ƙamshin ya gudu. Sauran na bi su a hankali suka dawo lafiya.

Mai Amya Arba'in

Tawa asarar ta tsami ce. Wani ya matsa mini yana son jarka biyu da wuri, na je na yanko har da saƙar da ƙudan ba su gama rufewa da kaki ba. Mako shida ba a yi ba murfi ya kumbura, kumfa ta taso, wari kamar na abin da ya ruɓe. Na mayar masa da kuɗinsa, kuma bai sake sayen zumata ba har yau.

Saƙar da ba a rufe ba ruwanta bai gama ƙafewa ba. In ruwa ya haura kashi 18 zuwa 19 cikin ɗari, yis ɗin da ke cikin zuma yana iya farkawa ya fara aiki. Yanzu ina da 'yar na'urar auna ruwan zuma, ɗigo ɗaya ake sa mata a leƙa a haske. Ba ta da tsada in aka gwada ta da jarka biyun da na rasa. Kuma ka rufe bokitinka ruf, don zuma tana jan danshin iska.

Malamin Gona

Ƙanena, bari in taɓa maganar sitika, don na taimaka wa ƙungiyarmu ta masu kiwo lokacin da muka nemi rajista. Kowace ƙasa da dokarta da hukumar da ke kula da abinci, saboda haka ka je ofishinsu da ƙafarka ka tambayi sharuɗan ƙananan masu sana'a kafin ka kai aiki wurin mai bugawa. Mu mun yi gaggawa muka buga sitika dubu, aka ce babu lambar rukuni, wato lambar da ke nuna daga wace ɗiba zumar ta fito, kuma adireshi bai cika ba, dole muka sake.

Amma ƙasashe da yawa daga tushe ɗaya suke ɗibar dokokinsu, wato ma'aunin Codex Alimentarius, hukumar da FAO da WHO, wato hukumomin abinci da na lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, suka kafa a 1963. Ma'auninta na zuma ya fito a 1981, aka yi masa babban gyara a 2001. Abin da ya ce a taƙaice: duk abin da za ka kira zuma kada a ƙara masa komai, ko sukari ko ruwa ko wani sinadari. Ruwa kada ya wuce kashi 20 cikin ɗari. Akwai kuma wani sinadari, HMF, da yake ƙaruwa in an dafa zuma ko ta daɗe a wuri mai zafi. Iyakarsa miligiram 40 a kilo, amma an ɗaga zuwa 80 ga zumar da aka bayyana cewa daga ƙasashe masu zafi ta fito. Kwalaben Hajiya biyu da suka hau wuta, da an kai su gwaji mai yiwuwa nan za a kama su.

A jikin kwalba abin da aka saba nema shi ne sunan kayan, nauyin zumar ban da na kwalba, sunanka da adireshinka, ƙasar da aka samo ta, lambar rukuni, da kwanan watan da ya fi kyau a sha kafinsa. Lambar rukunin nan kada ka raina ta. Ko ranar ɗiba ce da lambar bokiti ta isa, don in aka kawo ƙorafi ka san wace zuma ake nufi.

Inda mutane suke zamewa shi ne sunan fure da sunan yanki. Ba za ka rubuta zumar furen lemo ba don kawai akwai bishiyar lemo biyar kusa da amyarka. Sai in daga furen ta fito gaba ɗaya ko mafi yawanta, kuma ɗanɗanonta da ƙurar furen da ke cikinta sun shaida. Haka sunan yanki, sai in duk zumar daga can take. Ƙuda kuwa suna tafiyar kilomita biyu, uku, har fiye. Mu dai muka rubuta zumar furanni daban-daban muka huta.

Abokin Ƙuda

Malam, ni a ganina an cika tsanani. Ni na rubuta a tawa cewa tana maganin tari da gyambon ciki da ciwon suga, kuma tun da na sa haka ciniki ya ƙaru. Ai kowa ya san zuma magani ce.

Hajiya Mai Saƙa

Ɗan'uwa, don Allah ka cire. Babu mai musun amfanin zuma, amma da zarar ka rubuta tana warkar da cuta kaza, a idon hukuma ka tashi daga mai sayar da abinci ka koma mai sayar da magani, kuma ba ka da wannan izinin. Bar ma ta hukuma. Mai ciwon suga ya karanta sitikarka ya riƙa sha cokali-cokali yana ganin magani yake sha, alhali kusan kashi 80 na zuma sukari ne. In wani abu ya same shi, hakkin yana wuyan wa?

Abin da ya kamata ya hau wannan gurbin shi ne gargaɗi: kada a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba. Zuma tana iya ɗauke da ƙwayoyin da ke jawo cutar botulizim mai sa jiki ya shanye, hanjin babba yana fin ƙarfinsu, na jariri bai yi ƙwari ba tukuna. Wata mai jego ta taɓa tsayawa tana karanta kwalbata, ta ce wallahi ba ta taɓa ji ba, kuma da niyyar ba ɗanta ta zo saye. Ko ba a tilasta maka ba, ka rubuta.

Abokin Ƙuda

Na ji Hajiya, maganar mai ciwon suga ta shige ni. Akwai sauran sitika wajen ɗari, zan ajiye su in sake bugawa.

Tsohon Ɗan Sari

Ni ta ɓangaren saye na fara kafin in kafa amya, don haka, Sabon Mai Amya, bari in gaya maka abin da ke bayan waccan zumar mai rabin kuɗi da ka ambata. Wani lokaci mai ita ne bai iya lissafi ba, ko buƙata ta taso masa a lokacin ɗiba da zuma ta cika kasuwa. Amma sau da yawa algus ne, an haɗa da ruwan sukari. Kuma matsalar ta duniya ce. A 2023 Tarayyar Turai ta fitar da sakamakon gwajin samfuri 320 na zumar da ake shigar mata, 147 daga ciki, wato kashi 46, aka yi zargin an yi musu haɗi. A 2024 suka gyara dokarsu, aka wajabta rubuta duk ƙasashen da zumar cikin kwalba ta fito da kason kowace.

Gwaje-gwajen da ake yi a gaban mai saye, na ashana da na ɗigawa a ruwa da na jiran tururuwa, na yi su duka shekara da shekaru. Kauri da yawan ruwa kawai suke nunawa. Ruwan sukari mai kauri yana tsallake su, zuma ta gaskiya mai ɗan ruwa tana faɗuwa. Ɗakin gwaji ne kaɗai yake rabewa, shi ma wani haɗin yana ba shi wuya.

To ba za ka iya tsere da mai algus a farashi ba, don sukari ya fi zuma araha nesa ba kusa ba. Abin da kake da shi wanda ba shi da shi, kai ana iya zuwa a ga amyarka. Ni nakan gayyaci manyan masu sayena ranar tacewa su tsaya su gani, nakan kuma sayar da wata a cikin saƙarta. Waɗanda suka zo sau ɗaya ba su ƙara taya mini zuma ba. Sannan kada ka zubar da bokiti ukun nan duka yanzu. In ruwanta daidai ne kuma a rufe take, za ta jira ka wata huɗu ko biyar, lokacin da ta yi ƙaranci.

Mai kantin nan kuma ku yi magana a fili tun yanzu: saye zai yi ya biya, ko ajiya ce sai an sayar? In ajiya ce, wa zai ɗauki asarar wadda ta fashe? Ku rubuta.

Mai Amya Arba'in

Kakin ma kada ka zubar. Narka shi ka tace, masu kyandir da man shafawa suna nema, kuma yana rage maka nauyin kuɗin kwalabe.

Sabon Mai Amya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na ari sikeli na auna, kwalbar da nake cewa rabin kilo giram 690 ta ba ni, kuma na riga na sayar da goma sha ɗaya a haka. Na fara littafin daren jiya. Bokiti ɗaya cikin ukun akwai saƙar da ba ta gama rufuwa ba a ciki, na ware shi gefe har in sami na'urar in auna. Ofishin hukuma zan je kafin in je wurin mai buga sitika.

Baba Mai Hayaƙi

Madalla ɗana. In ka zo zubawa, ka cire kwalba ɗaya daga kowane bokiti, ka rubuta mata lambar rukuninta, ka ajiye a ɗaki kada ka sayar. Ranar da wani ya dawo da ƙorafi, ita za ka ɗauko ku buɗe tare. Shi kuma bokitin da ka ware, in ruwansa ya haura 19, a sha shi a gida da wuri, kada ya shiga kanti.