Don Allah wa ya san maganin nan Enhertu?

Maman Biyu: Salamu alaikum 'yan uwa. Ummanmu ce ba lafiya, sankarar mama. Shekara biyu ke nan da ta ji ƙullutu a hagu, ta ɓoye mana saboda bikin autarmu ya matso, sai da aka kai amarya ta nuna mini. Muka yi wata bakwai ana shafe-shafen gargajiya, don Kawu ya rantse in ƙarfe ya taɓa wurin shi ke nan. Daga baya dai aka cire nonon, aka yi mata kemo shida, gashinta duk ya zube. Yanzu hoto ya nuna ciwon ya shiga ƙashin baya, sallah ma a zaune take yi. Na ji ana maganar Enhertu, wai ba kemo ba ne. Yaya ya ce a sayar da gonar marigayi Baba. Na kasa barci wallahi.

Ɗan Kemis: Allah ya ba ta lafiya. Hajiya, me gwajin tsokar ya nuna? Enhertu na waɗanda gwajin ya nuna HER2 ne, wato wani furotin da ke sa sankarar saurin girma, kuma akwai kemo a jikinsa. Amurka ta amince da shi a 2019, a 2022 aka ƙara da masu ƙarancin HER2. Ta jijiya ake sa shi duk sati uku, ba sau ɗaya ba, kuma yana iya kumbura huhu. In nata mai bin homon ne, wato sinadarin jikin mace ke ciyar da shi (ER a takardar gwaji), ƙwayoyi ake fara ba da wa, letrozole da palbociclib ko ribociclib.

Uwar Gida: Ni wani asibiti sai da suka cinye mana kuɗin fili kaf, sannan suka ce mu kai Anti gida. Har yau ban yafe ba. Ku tafi Masar kawai.

Baƙuwa: A dage da addu'a da habbatussauda, 'yar uwa.

Ɗan Kemis: Addu'a dole ce, amma kada a bar asibiti. Masar ma takardar gwajin za su fara tambaya. Ko HER2 ɗin ne, maganin Herceptin na nan tun 1998, shi aka saba farawa da shi. Ku tambayi likitanta allurar ƙarfafa ƙashi da gasa wurin da hasken na'ura don zogin. A mataki na huɗu, wato in ciwon ya bazu kamar nata, magani danne ciwon yake yi, ba ya warkarwa. Kada ku taɓa gonar nan tukuna.

Maman Biyu: Malam, "ba ya warkarwa" ɗin nan bai yi mini daɗi ba, waraka ta Allah ce. Kuma ba sakaci muka yi ba, babba ya yi magana, wa zai ja da Kawu? Takardun suna wajen Yaya.

Ɗan Kemis: To ki karɓo, ki ɗauko mana hoton wurin da aka rubuta ER da HER2.

Maman Biyu: Ya yi tafiya. Mai sayen gonar kuma jibi zai zo.