Asabar da Lahadi a Ngaundere, ƙasar Kamaru: waɗanda suka je, me kuka gani?

Baban Khalifa, Garwa

Assalamu alaikum jama'a. Zafin Garwa ya fara shigowa da ƙarfinsa, yara ba sa samun barci sai dare ya raba. Ina so in ɗauki iyali mu haura Ngaundere mu sha iska ƙarshen mako guda, Litinin in koma bakin aiki. Yaran uku ne, ƙaramin yana goye. Na sha ratsa garin in zan kama jirgin ƙasa zuwa Yawunde, amma iyakata daga tashar mota zuwa tashar jirgi. Wanda ya taɓa zuwa don hutu kawai, don Allah ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa, da kuma abin da ya cinye masa lokaci a banza.

Direban Ngong

Wa alaikumus salam Alhaji. Ni da hanya zan fara, tunda ita nake ci nake sha. Daga Garwa zuwa Ngaundere kusan kilomita 280 ne, amma kada ka yi lissafi da kilomita. Ka sa awa biyar a ranka, in ta zo ƙasa da haka ka gode wa Allah. Akwai ramuka, akwai shingayen jandarma, don haka katin ɗan ƙasa naka da na uwargida su kasance a aljihu, ba a ƙasan akwati ba, takardun haihuwar yara su ma a riƙe.

Bayan kun wuce Ngong da nisa, hanya za ta bi gefen gandun dajin Binuwai. A nan yara su zuba ido, ana yawan ganin gwaggon biri zaune a bakin kwalta. Kada a jefa musu abinci ta taga, shi ke jawo su tsakiyar titi mota ta take su. Daga Mbe kuma sai hawan dutsen nan da muke kira falez. Kwana-kwana ne, ga manyan motoci suna gangarowa da kayan Chadi birkinsu ya ɗau zafi. Ban yarda mai iyali ya yi wannan hawan da dare ba. Kuna kaiwa sama za ka ji iska ta sauya. Garwa ba ta kai mita 300 daga doron teku ba, Ngaundere ta haura 1,000, sanyin nata daga nan yake.

Hajiya Maman Hanifa, Marwa

Baban Khalifa, in dai da hali, ku shiga garin kafin sallar Juma'a. Abin da ya fi tsaya mini a rai ke nan, har yau. Fadar Lamiɗo tana dab da babban masallaci, a tsohon gari. Mun tsaya da sauran mata a gefen fili, sai ga kakaki da algaita da tambura, dogarai a gaba, fadawa cikin manyan riguna da rawuna, Lamiɗo a tsakiyarsu an riƙe masa laima. Ba wasa aka shirya don baƙi ba, haka suke yi kowane mako, talakawa na ɗaga hannu suna jinjina. 'Yata da ta saba ganin hawa a waya kawai, ranar ta ƙi tafiya sai da aka watse.

Bayan an natsa muka nemi izinin shiga. Zauren farko kaɗai ya isa a zo dominsa: rufin ciyawa mai kauri da ya sauko ƙasa sosai, a ciki ginshiƙan ƙasa manya-manya da aka yi wa zane da launi. Ana cire takalmi. Bafaden da ya zagaya da mu ya ba mu tarihi, cewa 'yan ƙabilar Mbum ne suka fara zama a wurin, sannan Arɗo Njobdi ya kafa sarautar Fulani a shekarun 1830. Ya lissafa mana masu sarauta, Galadima, Kaigama, Sarkin Fada, sai na ji kamar a fadar garin kakannina nake. Ku ba shi abin goro da mutunci, kuma kada a ɗaga waya a ɗauki kowa hoto sai an tambaya.

Baban Khalifa, Garwa

Hajiya na gode, kin kwaɗaita mini. Sai dai Juma'a ranar aiki ce, ba ma tashi sai 3:30. In na taso a lokacin, hawan da direba ya hana shi zan yi a duhu.

Malamin makaranta, Gidar

Alhaji, matsalarmu ɗaya ce. In maigidanka zai ba ka Juma'ar, karɓa ka bi shawarar Hajiya. In bai ba ka ba, ka kama motar asuba ta Asabar, kada ka fasa. Ni ranar Asabar da yamma na je fadar. Babu kakaki, amma babu cunkoso, mun zauna a zauren mun yi tambayoyi son ranmu.

Lahadi da sassafe ka ɗauki manyan yaran biyu ku hau dutsen da ke kallon gari, wanda wani katon dutse ke zaune a ƙolinsa kamar an ɗora da hannu. Ko'ina ka tsaya a garin kana hango shi. Hawan ba ya son gaggawa amma bai fi ƙarfin yaro ɗan shekara goma ba. Daga sama za ku ga hasumiyoyin masallatai, layin dogo, da tudun Adamawa shimfiɗe har iyakar gani. Ku sa takalmi mai kama ƙafa, ku tafi da ɗan gari, ku sauko kafin rana ta ɗaga.

Maman 'Yan Biyu, Pitowa

Ni ga uwargida zan yi magana, Alhaji ka karanta mata. 'Yar'uwa, za su ce miki ku je magangarar ruwa ta Tello. Mun je, wurin yana da kyau, ba zan ɓoye ba. Amma kusan kilomita 50 ne a hanyar Belel, muka sha ƙura da jijjiga, gangarawa wajen ruwan kuma da santsi. Da goyo a baya ban ji daɗinsa ba, hankalina duk yana kan ƙafata. Yini guda cur ya tafi, muka dawo yara sun galabaita, kasuwa ma ba mu leƙa ba.

Masu kwana ɗaya ko biyu, tafkin Tison ya ishe ku. Yana bayan gari kaɗan, a cikin wani kwari zagaye da bishiyoyi, aka ce tsohon bakin dutse mai aman wuta ne ruwa ya cika. Muka shimfiɗa tabarma a inuwa, muka ci abin da muka zo da shi. Kada a bar yaro ya matsa bakin ruwan, yana da zurfi. In da sauran lokaci, magangarar kogin Vina tana hanyar Meiganga, ba nisa, ana ganinta ba tare da wahala ba. Kuma ki haɗa wa yara rigunan sanyi. Za ki yi mamaki, amma da asuba jaririna sai da na ƙara masa bargo.

Ɗalibi a Dang

Mama, da girmamawa, ni kam Tello ba ta da na biyu a duk zagayen nan. Ruwan yana faɗowa daga tsayin da ya haura mita 40, bayansa kuma akwai babban kogo da mutum zai shiga ya tsaya, ruwa na zuba a gabansa, ba ka jin maganar na kusa da kai. Mun je da 'yan ajinmu bayan damina ta ɗauke, lokacin ruwan na da ƙarfi hanya kuma ta fara bushewa. Wannan shi ne lokacinta. Yanzu da rani ya yi nisa ruwan ya ragu, don haka na yarda da ke, mai goyo ya bar ta sai wani zuwan. Baba, in kun iso Dang kafin ku shiga gari, ku nuna wa yara jami'a, tana bakin hanya. Tun 1993 take cikakkiyar jami'a, ɗalibai daga Chadi ma suna nan da yawa.

Ɗan Sabongari, Ngaundere

Maraba da baƙi tun kafin su iso. Kowa ya yi maganar kallo, ba wanda ya yi maganar ciki. Garinmu garin shanu ne, gudalin Adamawa, shi ya sa kilishinmu ya yi suna har Yawunde da Duwala. Yaya, kada ka sayi wanda yara ke bin mota da shi a naɗe. Je wurin masu yi da kanka, ka ga an yanka naman falle-falle an shanya, an tsoma a labu, an sake shanyawa, an kara a wuta. Za su ba ka ɗanɗano kafin ciniki. Ka sayi ja mai yaji naka, fari na yara. Yawancin masu sana'ar Hausawa ne, da Hausa za ku yi cinikinku. A sauran gari Fulatanci ne ke tafiya, wanda ɗan Garwa ba sai an koya masa ba.

A kasuwa kuma uwargida ta nemi zuma, ta Adamawa baƙa ce mai kauri, sai fiya da kindirmo. Ta buɗe kwalbar ta ɗanɗana, don akwai masu haɗawa da sukari. Maganar masauki, kafin ka biya ka shiga ɗakin ka murɗa famfo. Na taɓa sauke wani baƙona a wani wuri mai kyan gaba, daren nan sai da bokiti aka kawo masa ruwan alwala. Masaukan kusa da tashar jirgi suna da sauƙin kuɗi amma akwai hayaniya, mai ƙananan yara ya ɗan matsa ciki. Da iyali haka, ka ɗauki tasi na yini ku daidaita kuɗi tun da safe, kada ku rarrabu a kan babur.

Kawu, tsohon falken shanu

Ɗana, akwai wuri guda da ba a faɗa maka ba, don kai ka saba da shi ba ka ɗauke shi abin kallo ba. Tashar jirgi. Kai ka sha shiga, 'ya'yanka fa? Yaron Garwa zai iya girma bai taɓa ganin jirgin ƙasa ba, don dogo a Ngaundere ya tsaya, bai ƙara gaba ba tun da ya iso a 1974. Ina yaro lokacin. Kafin nan iyayenmu da ƙafa suke kora shanu zuwa kudu, makonni a daji, dabba ta isa ta rame, wata ta mutu a hanya. Da jirgi ya zo aka fara loda su a tarago, tafiyar sama da kilomita 600 zuwa Yawunde ta koma ta dare ɗaya. Garin da kake gani yau, rabin girmansa tashar nan ce ta kawo shi: auduga ta sauko daga arewa a nan ake loda ta, kayan Chadi daga tashar ruwan Duwala a nan ake sauke su a ɗora wa manyan motoci.

Na kai jikokina da la'asar sakaliya, lokacin da fasinjojin jirgin dare ke taruwa. Masu dako, masu sayar da burodi da zuma, mata da buhunan kaya, kowane yare na ƙasar nan za ka ji a filin. Ku tsaya daga waje inda aka yarda, ku jira ya yi ƙugi ya tashi bayan magariba. Ƙaramin cikinsu har yanzu in an tambaye shi me zai zama, direban jirgi yake cewa.

Direban Ngong

Kawu ya gama magana, saura komawa. Alhaji, tikitin dawowa ka yanke shi tun ranar da kuka sauka, don Lahadi motoci na cika da ɗalibai da waɗanda jirgin safe ya sauke. Ku bar gari da azahar ko kafin nan, ku gangara falez da sauran rana. In motarka ce, ka sauko da ƙaramin giya, kada ka dogara da birki kaɗai. A Mbe ku tsaya ku sayi doya, tasu ce ake kaiwa har kasuwannin Garwa, a can kuma ta fi araha. Zumar a ɗaure bakinta da leda a tsayar da ita a ƙasa tsakanin ƙafafu, kada a sa ta cikin jakar tufafi.