Neman shawara: tambayoyin cike gurbi na Turancin JAMB suna kayar da ni

Assalamu alaikum 'yan uwa. Bana zan zauna JAMB, jarrabawar neman shiga jami'a, ina ta bitar tsofaffin tambayoyi. Karanta labari a amsa tambayoyinsa ba ya ba ni wahala, wurin cike gurbi a jimla ne nake zubar da maki. Sai in ɗauki amsar da ta yi min daɗi a kunne, in duba in ga ba ita ba ce. An ba da "The list of names ___ on the table", na sa "are", ashe "is" ne. Don Allah ta ina zan ɓullo wa abin?

Wata malamar Turanci:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kunnen nan shi ke yaudarar ki, kuma masu shirya tambayar sun san da haka. Da gangan suka ajiye "names" dab da gurbin don idonki ya faɗa kansa. Kafin ki kalli zaɓi, tambayi kanki: wa ake magana a kansa? Takardar sunayen ce ke kan tebur, kuma guda ɗaya ce. Ki sa yatsa ki rufe "of names", sai jimlar ta koma "The list is". Haka "one of the boys" ke ɗaukar "is". Amma ki kula da "neither" da "nor", can aikatau yana bin sunan da ya fi kusa da shi: "Neither the teacher nor the students are here."

Wani ɗalibin jami'a:
Anti ta gama magana kan wannan. Inda dabarar yatsa ba ta aiki shi ne ƙananan kalmomin nan masu bin aikatau. A titi kullum muna jin "discuss about" da "prefer tea than coffee", har sun zauna mana daram. A jarrabawa "discuss" ba ya ɗaukar "about", "prefer" da "to" yake tafiya, "congratulate" kuma da "on". Waɗannan sai hadda. Ki ware littafi guda, duk wadda ta kayar da ke ki rubuta ta cikin cikakkiyar jimla, kada ki rubuta kalmar tsurarta.

Wani ɗan uwa:
Ga batun lokaci kuma. Tambaya 180 ce cikin awa 2, 60 daga ciki Turanci ne, kusan daƙiƙa 40 ke nan kowace tambaya. Ki riƙa bita da agogo a gefe, kuma a kwamfuta in da hali.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Anti, in zaɓi biyu suka yi min kama fa?

Malamar:
Ki jera su ki nemo ainihin abin da ya bambanta su, sau da yawa harafi ɗaya ne ko lokacin aikatau. Wannan bambancin shi ake gwada ki a kai. Turo min guda biyar da suka kayar da ke, mu warware su tare a nan. Allah Ya ba da sa'a.