Wane suna za mu ba wa "piyezo" na tiyatar hanci?

Mai fassara, Garwa: Salamu alaikum jama'a. An ba ni takardar bayanin tiyatar gyaran hanci in mayar da ita Hausa daga Faransanci, sai na cije a wuri guda. Tsoffin kayan aiki ba su ba ni wahala ba: likita ya dafa kurfi a ƙashin karan hanci, a buga da 'yar guduma, a goge da magagari. Sabon ne ya gagare ni, wanda suke ce wa piyezo. Bakinsa na jijjiga sau 25,000 zuwa 30,000 a daƙiƙa ɗaya, yana cin ƙashi ya ƙyale nama da jijiyoyin jini, ruwan gishiri na kwarara yana sanyaya wurin. Na rubuta "wuƙar sauti". Ya kuka gani?

Ma'aikaciyar jinya, Marwa: Malam, cire sautin nan. Majinyaci zai ɗauka ƙara ce za ta fasa masa hanci, alhali bakin ƙarfen ne ke aikin. Kada kuma ka yi amfani da kalmar Faransanci "ultirason", wato sautin da ya fi ƙarfin jin kunne, a nan da an faɗe ta hankali ya tafi kan eko, wato hoton ciki na masu juna biyu.

Malamin kimiyya, Njamena: Gaskiyarki Hajiya. Asalin piyezo daga Girkanci ne, ma'anarsa matsawa. A 1880 'yan'uwan nan Pierre da Jacques Curie suka gano cewa in an matsa wasu duwatsu sukan ba da lantarki. Na'urar akasin haka take yi: a ba dutsen lantarki, ya kama ɓari. Ni dai "kurfin jijjiga" na zaɓa.

Kafinta, Ngaundere: Allah gafarta malam, ba a raba kurfi da guduma. Shi ya sa wani lokaci katako ke tsagewa inda ba ka nufa ba, ƙashi ma ai haka ne. Abin da ke bin layi yana ci a hankali zarto ne.

Ma'aikaciyar jinya, Marwa: Baba kafinta ya kama hanya. Wasu bakunan nasa ma haƙora gare su kamar zarto. Amma malam, in ka zo kan raguwar kumburi da taruwar jini a gefen ido, ka faɗi tsadar na'urar, da cewa sau da yawa sai an ɗaga fata da faɗi kafin ta shiga.

Mai fassara, Garwa: To na goge wuƙa. Na sa "zarton jijjiga", tsohuwar hanya kuma "kurfi da guduma". Gobe zan karanta wa gwaggona ba tare da bayani ba, in ji abin da za ta ce.