Hular kwano tana sa mini gumi da ƙaiƙayin kai, ina mafita?

Malamin Gona, Haɗeja

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a kan babur, da ta ma'aikatan lafiya idan akwai su a cikinmu. Aikina shi ne zagaya manoman rani a ƙauyukan fadamar Haɗeja, saboda haka kusan kullum ina yin awa 4 zuwa 5 a kan babur da hular kwano a kaina. Tun da bazara ta kama, kafin azahar gumi ya riga ya jiƙa mini kai yana gangarowa ta bayan kunne, daga nan kuma sai ƙaiƙayi ya taso a tsakar kai da ƙeya, har ta kai ranar Talatar da ta wuce na tsaya a gefen hanya na zura makullin babur ta ƙarƙashin hular ina susa. Idan na cire ta da yamma nakan ga farin ɓawo ya zuba a kafaɗar rigata, kuma yanzu ƙananan ƙuraje sun fara fitowa a ƙeya, daidai inda bakin hular yake gogawa.

Abin da nake yi a halin yanzu shi ne wanke kai da sabulun salo safe da dare, in shafa man zaitun kafin in kwanta, sannan in sa hulata ta saƙa a ƙarƙashin hular kwanon don ta tsotse gumi, amma abin sai gaba yake yi. Hular ta shekara 2 a hannuna, ban taɓa wanke cikinta ba domin ban san ana wankewa ba, kuma tsamin da take yi ya sa maiɗakina ta hana ta kwana a ɗaki. Abokan aikina suna cewa in ajiye ta kawai har damina ta sauka. Shin akwai hanyar da zan rabu da wannan ƙaiƙayi ba tare da na rabu da hular ba?

Tsohon Ɗan Acaɓa, Kano

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka bi shawarar abokan aikinka, domin wannan shi ne gudun gara a faɗa gidan zago. Na yi acaɓa a Kano shekaru masu yawa har zuwa watan Janairun 2013 da aka hana ɗaukar fasinja a babur, kuma ina kan titi lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sa hular kwano a ranar 1 ga Janairun 2009, sa'ad da wasunmu suka riƙa kifa ƙwarya da bokitin fenti a ka don gudun kamu. A lokacin muna dariya, amma waɗanda na raka asibiti da waɗanda na raka makwanci a cikin shekarun nan sun isa su hana ni dariyar yanzu. Ƙaiƙayi yana da magani, fasasshen kai kuwa sai abin da Allah ya yi.

Ciwonka yana cikin hular da ka ce ba ka taɓa wankewa ba. Kana wanke kai sau biyu a rana, sannan ka mayar da shi cikin gumin shekara 2, ka ga kuwa wankin ya tashi a banza. Ka juya ta ka duba da kyau. Yawancin huluna masu rufe fuska gaba ɗaya, shafin cikinsu da sosunan kumatu a maƙale suke da maɓallai, idan ka ja a hankali za su fito. Ka jiƙa su a ruwa mai ɗan ɗumi da sabulun wanka mara ƙarfi ko sabulun jarirai, ka riƙa matsawa da tafin hannu ba tare da murɗewa ba, ka ɗauraye har sai ruwan ya fita fes. Ranar da na fara wanke tawa, ruwan farko ya fito kamar an dama ƙasa, sai a na huɗu ya washe. Kada ka yi amfani da garin sabulun wankin kaya, domin ragowarsa tana maƙalewa a soso, gumi ya narkar da ita ta ci maka fata. Idan shafin taka ba ya cirewa, ka wanke cikin da tsumma da ruwan sabulu, ka ɗauraye, ka kifa ta a kan wani abu yadda iska za ta shiga ta ƙasa. A inuwa ake shanya ta, ba a tsakar rana ba kuma ba kusa da murhu ba. A bazara ni duk mako nake wankewa, daren Alhamis, tun da iskar lokacin a bushe take, kafin a taso daga masallacin Juma'a ta bushe.

Farin abu mai tauri da ke tsakanin shafi da ƙoƙon waje, wanda ya yi kama da abin da ake tallafe rediyo da shi a kwali, shi ne ainihin hular, shi yake shanye bugu idan an faɗi. Fetur yana narkar da shi, don haka kada ka goge ciki da fetur ko kananzir, kada ka fesa masa turare, kuma ka daina kifa hular a kan tankin mai. Rataye ta a madubi ma ba shi da kyau, domin bakin madubin yana lotsa shi.

Sai maganar hular saƙa. Ka cire ta daga wannan aiki, domin zarenta yana da kaushi, an kuma ƙandare ta da sitaci, kuma kaurinta yana hana hular kwano zama daram a ka. Ka sami siraran huluna na auduga masu laushi guda 3, irin wanda tela zai iya ɗinka maka daga sabuwar singileti ba tare da kaurin ɗinki a tsakiya ba. Ka fita da ɗaya a ka, ɗaya a aljihu, ka sauya da azahar, ka wanke su da yamma. Akwai kuma abin da na daɗe ban lura da shi ba, wato alwala. Mukan shafi kai tun daga goshi har ƙeya, mu yi salla, mu kifa hula a kan danshin mu kama hanya. Ka riƙa tafiya da ɗan tawul, ka tsane kanka sosai kafin ka mayar da ita, kuma duk inda ka tsaya magana da manoma, ka cire ta ka ajiye a inuwa bakinta a sama.

Ma'aikaciyar Jinya, Zariya

Malam, sannu da fama. Abin da Baba ya faɗa game da wanki da bushewa shi ne tushe, ni kuma zan ƙara da abin da ya shafi fatar kanta, domin ƙaiƙayin kai ba iri ɗaya ba ne, kuma maganin wani yana iya ƙara wani.

Farin ɓawon da kake gani ya fi kama da amosani. A fatar kan kowane baligi akwai wata ƙwayar halitta dangin funfuna da ake kira Malassezia, wadda abincinta shi ne maiƙon da fata ke fitarwa. Ba ta damun mutum sai ta sami zafi da danshi da maiƙo mai yawa, sa'annan ta yaɗu, fatar ta yi ja, ta riƙa saɓa tana ƙaiƙayi. Cikin hular kwano a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a yankinku, ya haɗa mata duk abin da take so, kai kuma kana ƙara mata da man zaitun kowane dare, wanda yana cikin mayukan da take iya ci. Mutane da yawa suna ganin ɓawo sai su ɗauka bushewa ce, su ƙara mai, alhali ɓawon amosani daga maiƙo yake tasowa. Ka dakatar da man tukuna. Sabulun salo sau biyu a rana kuma ya yi wa fatar da ta riga ta ƙuje ƙarfi, sau ɗaya da sabulu mai sauƙi bayan ka dawo aiki ya wadatar.

Ka je kemis mai rajista ka nemi sabulun ruwa na wankin kai wanda aka rubuta ketoconazole kashi 2 cikin ɗari a jikinsa, ko wanda ke da selenium sulfide. Ana amfani da shi sau 2 a mako na tsawon mako 2 zuwa 4, daga nan sau ɗaya a mako ko a mako biyu don kada ya dawo. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya shafa ya ɗauraye nan take kamar sabulun wanka. Dole ne a cuɗa shi ya taɓa fata, a bar kumfar ta yi minti 3 zuwa 5, sannan a wanke. Da tafin yatsu za ka cuɗa, ba da farce ba, makullin babur kuwa ka bar shi a mazauninsa, domin duk ƙujewar da ka yi ƙofa ce ka buɗe wa ƙwayoyin da ke sa ƙurji ya yi mugunya.

Akwai alamun da idan ka gan su, maganar ta wuce kemis. Idan gashi ya fara kakkaryewa yana barin fili zagayayye mai toka-toka, ko kaluluwa ta fito a wuya ko bayan kunne, to makero ne ake zargi, kuma makeron kai ba ya jin sabulu ko man shafawa kaɗai, domin ƙwayar tana cikin jijiyar gashi. Sai an sha magani irin su griseofulvin ko terbinafine na makonni, bisa umarnin likita. Yana kuma yaɗuwa ta hula da mataji da injin aski, ƙwarƙwata ma tana iya bin hula, don haka kada ka ara wa kowa taka. Ina kuma roƙonka ka guji mayukan nan na haɗin gambiza da ake sayarwa a matsayin maganin kowane ƙaiƙayi, waɗanda ke ɗauke da clobetasol ko betamethasone. Suna kwantar da ƙaiƙayi cikin kwana biyu har mutum ya yi ta sa wa mai kemis albarka, amma idan makero ne sai su ɓoye shi ya ƙara faɗi, kuma yawan shafa su yana sirantar da fata.

Ɗan Barga, Katsina

Ranka ya daɗe Malam, ni ba ɗan babur ba ne, dawaki nake kula da su, kuma mu ma a Katsina muna fama da wannan tun da ba a shiga filin folo sai da hular kariya, kuma dokin kansa zafi yake turo wa mahayi daga ƙasa. Ko iyayenmu masu sa lifidi da kwalkwali a hawan salla sun san wannan ƙaiƙayi. Abin da na gada a wurinsu, kuma nake yi, shi ne in je wurin wanzami ya yi mini ƙwal-kwabo da aska duk mako, ta yadda gumi ba shi da inda zai maƙale, ko da tsumma na goge ya wuce. Ban taɓa sayen wani sabulu na kemis ba. Na yarda da Baba a kan shanya hula a inuwa, domin mun taɓa barin wata a bayan mota a rufe da rana, da muka ɗauko ta gam ɗin shafin ya saki gaba ɗaya.

Ma'aikaciyar Jinya, Zariya

Ɗan'uwa na Katsina, rage suma yana taimakawa ƙwarai, kuma idan fatarka ta karɓi aska ba ni da ja. Amma ga mai wannan tambaya ba zan ba da shawarar ƙwal-kwabo ba, saboda ƙurajen da ya ce sun fito masa a ƙeya. Gashinmu a nannaɗe yake, idan aka aske shi har ƙasa, sabon tsiron yakan lanƙwasa ya soki fata, sai wurin ya kumbura, ga kuma bakin hula da wuyan riga suna goga shi yini guda. A wajen wasu maza wannan yana zama ƙuraje masu tauri a ƙeya waɗanda ke haɗewa su zama tudun tabo, gashi ya daina fitowa a wurin har abada, kuma ya fi samun maza baƙar fata masu askin da ke kai wa fata. Saisaye da inji ya fi masa, a bar gashin ya ɗan rufe fata, kada kuma a sa reza a gyara layin ƙeya. Idan da hali ya sayi injinsa ya riƙa zuwa da shi wurin mai aski. Malam, idan ƙurajen suka yi mako 2 ba su kwanta ba, ko suka fara tauri ko fitar da ruwa, ka nuna wa likita tun suna ƙanana, domin a wannan matakin ne magani ya fi cin su.

Malamin Gona, Haɗeja

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Yau mako 3 ke nan da na fara bin shawarwarin. Baba, shafin hulata ya fito kamar yadda ka ce, maɓallai huɗu ne ke riƙe da shi, kuma sai da na zubar da ruwa sau biyar kafin ya washe. A wajen cirewa ne ma na gano cewa kafofin iska guda biyu na saman goshi sun toshe da ƙurar hunturu, na sa tsinken tsintsiya na buɗe su, yanzu ina jin iska tana ratsawa idan na ɗan ƙara gudu. Tela ya ɗinka mini hulunan auduga 3 daga singileti ɗaya. Hajiya, na daina man zaitun, na sami sabulun, ɓawon ya ragu sosai kuma ƙaiƙayin tsakar kai ya kusa ɓacewa, sai dai idan na yi doguwar tafiya da rana tsaka. Ƙurajen ƙeya ne ba su gama kwanciya ba, biyu sun baje amma ɗaya ya yi tauri kamar ƙwayar gero, don haka ranar Litinin zan je babban asibiti a duba shi. Na kuma lura farin abin nan na ciki ya ɗan lotsa ta gefen dama, inda nake rataye ta a madubi, ko wannan ya isa a ce in canza hular tun yanzu?